Ƙwayar zaƙi a madadin sukari: ta dace da mai ciwon sukari?

"Assalamu alaikum Likita. Mahaifina yana da shekara 63, kuma shekara bakwai ke nan da aka gano yana da ciwon sukari. Yana shan metformin da glibenclamide. Ba ya iya shan shayi babu zaƙi, ko ya karɓa sai ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye kofin, ga shi kuma shayin sau uku yake sha a rana. Ƙanena ya sayo masa wasu ƙananan ƙwayoyi farare da ake jefawa a shayi maimakon sukari, da biskit da aka rubuta babu sukari a kwalinsa. To amma na ji ana cewa waɗannan abubuwa suna jawo ciwon daji, wasu kuma na cewa su ma suna ɗaga sukari. Wata guda ke nan da ya fara, awonsa na safe bai sauka ba. Mu ci gaba ko mu daina?"

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya saka muku da alheri bisa ɗawainiyar da kuke yi da shi. Tambayarki ɗaya ce a baki, amma abu uku ne a cikinta: ko ƙwayar zaƙin tana ɗaga sukarin jini, ko tana da illa idan aka daɗe ana sha, da kuma dalilin da ya sa awon safe bai motsa ba. Akwai na huɗu da ba ki tambaya ba, wanda a wurina shi ya fi sauran nauyi saboda ɗaya daga cikin magungunan da kika ambata, zan zo kansa. A taƙaice, ƙwayar shayin ba ni da matsala da ita. Biskit ɗin ne nake zargi.

Mene ne a cikin ƙwayar?

Harshe ba ya auna sukari, zaƙi kawai ya sani. A kansa akwai wasu ƙananan wuraren jin ɗanɗano, duk abin da ya taɓa su ta hanyar da ta dace sai su aika wa ƙwaƙwalwa cewa an sha zaƙi. Sukari yana taɓa su, amma ba shi kaɗai ba. Akwai sinadarai da suke taɓa su da ƙarfin da ya ninka na sukari sau ɗaruruwa, shi ya sa ɗan ƙwayar da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba yake yin aikin cokali guda.

Mafi tsufa a cikinsu shi ne sakarin, wanda Constantin Fahlberg ya gano a 1879 a jami'ar Johns Hopkins da ke Amurka. Asfatam kuma a 1965 aka gano shi, lokacin da wani masanin haɗa magunguna, James Schlatter, yake neman maganin gyambon ciki, ya lashi yatsarsa zai ɗauki takarda sai ya ji zaƙi. Kusan duk tarihinsu haka yake, mutanen da ba su wanke hannu ba ne suka ba mu su. Asfatam ya ninka sukari zaƙi kusan sau 200, asesulfem ma haka, sukuralos kusan sau 600. Sitibiya daga ganyen wata shuka ta ƙasar Faraguwai da Barazil ake tace ta, tana ninka sukari sau 200 zuwa 400. A kwali za ki iya gane su da lambobinsu: E954 sakarin, E951 asfatam, E950 asesulfem, E955 sukuralos, E960 sitibiya.

Abin da jiki ke yi da su shi ne amsar tambayarki ta farko. Sakarin da asesulfem suna shiga jini su fita ta fitsari kusan yadda suka shiga. Sukuralos mafi yawansa ba ya ma ratsa bangon hanji, bayan gida yake bi. Asfatam yana narkewa ya koma wasu ƙananan sinadarai irin waɗanda ake samu a nama da madara, amma ɗan abin da ake sha bai taka kara ya karya ba. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ke rikiɗewa ya zama gulukos, wato sukarin da ake aunawa a jini. Idan Baba ya sha baƙin shayi da ƙwaya biyu a ciki, kika auna shi bayan awa ɗaya ko biyu, ba za ki ga hawan da ake gani bayan sukari ba.

Ki yi lissafin abin da aka cire. Ƙaramin cokalin shayi, a shafe ba a tule ba, yana ɗaukar kusan giram 4 na sukari. Idan Baba yana zuba cokali uku a kofi, sau uku a rana, giram 36 ke nan, daidai da abin da ke cikin gwangwanin lemon kwalba mai mililita 330, wanda yake da kusan giram 35. Kuma ban taɓa ganin mai son zaƙi yana shafe cokali ba. Cire wannan kullum ba ƙaramin abu ba ne.

Biskit ɗin da babu sukari

A nan ne ake gudu ba a tsira ba. Rubutun da ke gaban kwali ba ƙarya ba ne, ba a zuba farin sukari ba. Amma da me aka yi biskit? Da fulawa. Fulawa sitaci ce, sitaci kuwa gulukos ne da aka ɗaura shi kamar sarƙa, tun daga baki yawu ke fara kwance shi, kafin ya wuce ƙaramin hanji ya zama sukari tsantsa. Jini ba ya tambayar ko daga cokali ya zo ko daga fulawa.

Sannan masu yin biskit da cakulan na masu ciwon sukari ba kasafai suke amfani da waɗancan sinadarai masu ƙarfin zaƙi su kaɗai ba, domin ba su da auki, ba za su cika gurbin da sukari ya bari a ƙullun ba. Sai su ɗauko wani dangi daban, waɗanda sunayensu ke ƙarewa da "ol": maltitol mai lamba E965, sobitol E420, zailitol E967, eritiritol E968. Waɗannan 'yan'uwan sukari ne na nesa. Jiki yana tsotse wani ɓangarensu, kuma maltitol musamman yana ɗaga sukarin jini, ƙasa da farin sukari amma ba kaɗan ba. Ragowar da hanji bai tsotsa ba yana janyo ruwa ya kawo kumburin ciki, yawan tusa da gudawa. Mai shan metformin da ma can cikinsa bai cika zama lafiya ba, sai abin ya haɗu masa biyu. Eritiritol ne ya fita daban, kusan ba ya taɓa sukarin jini, sai dai a 2023 masu bincike a asibitin Cleveland Clinic na Amurka sun wallafa sakamakon da ya danganta yawansa a jini da saurin daskarewar jini da haɗarin ciwon zuciya, a 2024 kuma suka kawo makamancin haka game da zailitol. Ba a kammala magana a kai ba, amma ga dattijo mai ciwon sukari, wanda da ma zuciyarsa ke kan gaba a abubuwan da muke tsoro, ni ba na ba da shawarar a riƙa cin kayan da aka cika da su kullum.

Wata rana wata baiwar Allah ta zo mini da jakarta, ta zazzage mini kwalaye a kan tebur tana cewa ta bi duk abin da aka ce, amma sukarinta sai hawa yake. Na juya kwalin biskit ɗin na nuna mata ƙaramin jadawalin da ke baya. Layin sukari ya nuna kusan sifiri, shi take kallo. Layin da ke samansa, na jimillar kabohaidiret, wato sitaci da sukari da danginsu a haɗe, ya nuna fiye da rabin nauyin biskit ɗin. Na tambaye ta guda nawa take ci, ta yi dariya ta ce ai tunda babu sukari ba ta ƙirgawa. Da biskit na kowa ne, da biyu za ta ci ta tsaya don tsoro. Wannan rubutun shi ya cire mata tsoron. Don haka ki juya kwalin Baba yau, ki nemi layin jimillar kabohaidiret, shi ne mai magana.

Ki duba har abin zaƙin kansa. Ƙwayoyi irin na Baba yawanci ba su da matsala. Amma na gari da ke zuwa a 'yan ƙananan ledoji, irin su Splenda, ana cakuɗa su da dekstiros ko maltodekstirin don su yi auki, kuma waɗannan biyun sukari ne a wurin jini. Leda ɗaya ba ta wuce giram guda ba, ba abin damuwa ba ce a kofin shayi. Wanda zai auna kofi guda ya yi kek da shi ne ya kamata ya yi lissafi. Akwai kuma waɗanda aka haɗa rabi sukari rabi sitibiya aka yi wa kwalin koren fenti da hoton ganye. Idan kin ga sukari ne na farko a jerin kayan haɗi, ki ajiye. Zuma da jan sukari kuwa, da wasu ke cewa su na Allah da Annabi ne ba sa cutarwa, ba cinya ba ne ƙafar baya: kusan kashi 80 cikin 100 na zuma sukari ne.

Maganar ciwon daji

Tsoron yana da asali, ba ƙirƙirar mutane ba ce. A shekarun 1970 an ba ɓeraye sakarin mai yawan gaske aka ga ƙari a mafitsararsu, har Amurka ta sa a riƙa rubuta gargaɗi a kwali daga 1977. Daga baya aka gano cewa abin yana faruwa ne ta wata hanya da ta shafi yanayin fitsarin ɓera, wadda ba ta aiki a jikin mutum, aka cire gargaɗin a 2000.

Na baya-bayan nan shi ne na asfatam. A Yulin 2023 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a rukunin 2B, wato abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo ciwon daji amma hujjar da ake da ita taƙaitacciya ce. Wannan jeri yana auna ƙarfin hujja ne, ba ya auna girman haɗari ga mai shan ƙwaya biyu a shayi. A daidai lokacin, kwamitin masana da ke tsara adadin da ya halatta a sha ya sake nazari ya bar ma'auninsa yadda yake: miligiram 40 a kowane kilo na nauyin jiki a rana. Misalin da suka bayar shi ne, mai nauyin kilo 70 sai ya sha fiye da gwangwani 9 zuwa 14 na lemon da aka yi da asfatam kowace rana kafin ya ƙetare iyaka. Ƙwaya shida na Baba ba su kusanci wurin ba. Mutanen da aka hana asfatam kwata-kwata su ne masu wata cutar gado da ba ta da yawa, fenilketonuriya, waɗanda jikinsu ba ya iya sarrafa ɗaya daga cikin sinadaransa, kuma wannan tun jarirantaka take bayyana.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a 'yan shekarun nan ba ciwon daji ba ne, hanji ne. A cikin hanjinmu akwai ƙwayoyin halitta masu ɗimbin yawa da ke da hannu a yadda jiki ke sarrafa sukari. Masu bincike a cibiyar Weizmann ta Isra'ila sun nuna a 2014 cewa sakarin yana canza su a jikin ɓeraye har sarrafa sukari ya lalace. A 2022 suka gwada a kan mutane 120 masu lafiya na tsawon mako biyu, suka ga waɗanda aka ba sakarin da sukuralos an sami canji a yadda jikinsu ke karɓar gulukos, kuma abin ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Mako biyu ne, kuma ba masu ciwon sukari ba ne, don haka ba na gina hukunci a kansa. Amma ya isa ya sa na daina faɗa wa marasa lafiya cewa waɗannan sinadarai daidai suke da ruwa.

Za ki kuma ji cewa manyan bincike, irin wanda aka yi a Faransa a kan mutane sama da 100,000, sun ga masu yawan shan kayan zaƙin nan sun fi kamuwa da ciwon sukari da na zuciya. An ga hakan. Sai dai ki tuna su wa suka fi komawa ga lemon da babu sukari: masu ƙiba, masu ciwon a gidansu, waɗanda likita ya riga ya yi wa gargaɗi. Masu dogara sanda sun fi kowa ciwon gwiwa, amma ba sandar ce ta kawo shi ba. Masu binciken suna ƙoƙarin tace wannan, ba ya tatuwa duka. A Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da waɗannan sinadarai don rage ƙiba, mutane suka yi ta yaɗawa cewa an haramta su. Abin da ba a yaɗa ba shi ne, hukumar da kanta ta ce shawarar ba ta shafi waɗanda suka riga suka kamu da ciwon sukari ba.

Abin da ba ki tambaya ba

Glibenclamide yana matsa wa gaɓar da ke samar da insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini, ne ta yi ta fitarwa, ko an ci abinci ko ba a ci ba. Shi ya sa yake iya faɗar da sukari ƙasa da kima, kuma a jikin dattawa yana daɗewa yana aiki, musamman idan ƙoda ta fara rauni. Yanzu an cire wa Baba sukarin da ya saba sha sau uku a rana, magani kuma yana nan yadda yake. Ranar da ya sha shayi da ƙwaya, ya haɗiye maganinsa, abincin rana ya makara, ranar ce abin zai iya faruwa. Alamunsa su ne gumi, rawar hannu, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, jiri, saurin fushi ko magana ba kan gado. A na'ura kuma duk abin da ya gaza 70 mg/dL, wato 3.9 mmol/L.

A wannan lokaci ƙwayar zaƙi ba ta da amfanin komai, kuma wannan ne kuskuren da ya fi ba ni tsoro. Ba na manta wani dare da aka kawo wani dattijo sashen gaggawa, rigarsa sharkaf da gumi, idonsa a buɗe amma bai san wanda ke kansa ba. Ɗansa yana riƙe da kwalbar lemo, ya ce tun a gida ya gane sukarin ne ya faɗi, ya yi ta ba shi yana kurɓa amma abin sai gaba yake yi. Na karɓi kwalbar na duba, irin wanda babu sukari ne. Don ƙaunar mahaifinsu sun kwashe duk wani sukari daga gidan. Muka ɗaura masa ruwan gulukos ta jijiya, cikin 'yan mintuna ya dube mu yana tambayar me ya kawo shi nan. Sai da muka kwantar da shi, domin da irin wannan magani sukarin yakan sake faɗuwa bayan sa'o'i.

Don haka kada ku fitar da sukari daga gida. Ku ajiye shi a inda kowa ya sani, ku faɗa wa duk wanda ke zama da Baba. Idan alamun suka zo kuma yana iya haɗiya, a ba shi kusan giram 15 na sukari na gaske, wato ƙaramin cokali huɗu a cikin ruwa, ko rabin kofi na lemo mai sukari. A jira minti 15 a sake aunawa, idan bai hau ba a maimaita, sannan ya ci abinci. Idan ya fita hayyacinsa kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti. Ko ya farfaɗo a gida, likitansa ya sani a ranar.

Me ya sa awon safe bai sauka ba?

Domin ba shayin jiya da rana yake aunawa ba. Sukarin da kike gani da asuba mafi yawansa hanta ce ta sake shi cikin dare, ga kuma wasu sinadaran jiki da ke tashi gab da wayewar gari suna ƙara tura shi sama. Abincin dare mai nauyi ko na makara, rashin barci, ciwo ko wata cuta a jiki, da ƙarfin maganin kansa, duk sun fi tasiri a kansa. Amfanin cire sukarin shayi a awon bayan cin abinci ake ganinsa, sai kuma a gwajin HbA1c da ke nuna matsakaicin wata biyu zuwa uku. Wata guda ya yi kaɗan a yanke hukunci da shi.

Sannan ki leƙa cikin kofin da gefensa. An cire sukari, amma me ya rage? Madarar gwangwani mai kauri da zaƙi kusan rabin nauyinta sukari ne. Garin cakulan da ake kaɗawa a shayi shi ma haka. Burodin da ake haɗawa da shi sau da yawa ya fi cokulan da aka cire yawan kabohaidiret. Idan waɗannan suna nan, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Gani ya kori ji, kuma kuna da na'ura a gida. Wata safiya ki auna Baba kafin karin kumallo, ki ba shi abin da ya saba har da biskit ɗin, ki sake aunawa bayan awa biyu da fara ci. Washegari ki yi daidai haka amma ki cire biskit ki sa dafaffen ƙwai a madadinsa. Ki rubuta lambobin a takarda da kwanan wata. Ga yawancin manya ana so awon kafin abinci ya kasance tsakanin 80 da 130 mg/dL, na bayan awa biyu kuma ƙasa da 180, ko da yake likita kan sassauta wa dattawa. Kwana huɗu na irin wannan rubutu ya fi mini amfani a kan awon safe na wata guda.

Game da wacce za a zaɓa, ni ba na ɗaure mutum da guda. Sakarin yana barin ɗan ɗaci a baya, sitibiya tana da nata ɗanɗanon da wasu ba sa so, asfatam yana rasa zaƙinsa idan aka daɗe ana dafa shi, don haka a jefa shi bayan an sauke. Wadda Baba ya yarda ya sha ita ce mai kyau. Abin da nake yi da marasa lafiyata shi ne rage ta a hankali: mai jefa biyu ya koma ɗaya da rabi na mako biyu, sannan ɗaya. Harshe yana sabo da ƙarancin zaƙi kamar yadda yake sabo da ƙarancin gishiri, da yawa sun dawo sun ce mini shayin da suke sha a da yanzu ya yi musu zaƙi da yawa. Wasu kuma ba sa iya sauka ƙasa da ɗaya, na bar su. Dattijon da aka hana abubuwa goma, idan aka ƙwace masa daɗin shayinsa ma, sai ya fara ɓoye sukari a ɗakinsa, na sha gani.

Ban ga Baba ba, ban ga sakamakon ƙodarsa ko na zuciyarsa ba, kuma kada ku rage ko ku tsayar da wani magani bisa abin da na rubuta. A zuwansa asibiti na gaba ku tafi da kwalin ƙwayar, da na biskit, da takardar awon. Ku faɗa wa likitan cewa an cire sukarin shayi wata guda da ya wuce, ku nemi a yi masa HbA1c da gwajin ƙoda, sannan ki tambaya kai tsaye ko glibenclamide har yanzu shi ya dace da shekarunsa, domin akwai 'yan'uwansa irin su gliclazide da ba su kai shi faɗar da sukari ba.